Ɓeraye Talatin da Turmin Inna

Illo, 3 ga Maris

Zuwa ga autata Raudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ban da gwiwata ta hagu wadda ba ta jin rarrashi. Kawunki Arzika yana gaishe ki, shi da shanun huɗarsa biyu da yake ji da su kamar 'ya'yan fari. Ruwan Kwara ya ja baya, ana ta cire albasa.

Kada ki ce don me ban kira ki ba. Wayar nan in na ɗaga ta sai ta kama layin Benin, wata mata ta yi ta zuba mini Faransanci. Kuma ban yi shekara uku a kan benci a ajin yaƙi da jahilci ba, da furfurata, don a bar ni da danna waya. Namadi direba zai kawo miki wannan, shi zai komo da amsa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Namadi ya ce ran da ya kai miki shinkafa ya tarar da ke a wani ɗaki da farar riga, kina zuba wa ɓeraye abinci. A tasha ya faɗa, gaban jama'a. Ni kuwa na riga na gaya wa duk Illo ɗiyata likitar dabbobi ce, ta koma ƙarin karatu. Yanzu Atika maƙwabciyata in ta gan ni sai ta ce, "Ina kwana, kakar ɓeraye, ya jikoki?"

Raudatu, dabba ta ƙare ne a duniya? Ga shanu, ga raƙuma, ko jaki ai ya fi mutunci. In kuwa dole sai ɓera, me ya hana ki faɗa? Rumbuna cike yake da su, ƙattai, sun ci gerona sun yi wuya. Sai in sa a kama miki buhu guda.

Namadi ya ce kuma kina son ɓawon maɗaci. Na mene ne? Wa ke ciwo? Kada ki ɓoye mini.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu


Jami'a, 11 ga Maris

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya gwiwa? Allah ya sawwaƙe. Na karanta wasiƙarki sau uku. Rubutunki ya fi na wasu malamanmu karantuwa. A gaishe da Kawu, a ce wa Atika jikokin suna amsawa.

Ba wanda ke ciwo. Kin tuna Kaka tana jiƙa ɓawon maɗaci a ɗura wa saniyar da ciwon sammore ya kama? Aikina shi ne in gano ko da gaske yana magani, ko kuwa sabo ne kawai. Ba a fara irin wannan gwaji a kan sa, sai a kan ɓera. Kuma ba irin na rumbu ba. Waɗannan farare ne, a ɗaki aka haife su, an san nauyin kowanne, ba su ɗauke da wata cuta. Na rumbunki in ɗaya ya mutu ba zan san ko ciwo ya kashe shi ko geronki ba.

Ba haka kawai na ɗebo su ba, Inna. Akwai kwamiti a nan mai kula da haƙƙin dabbobin gwaji. Na nemi hamsin, suka ce in kawo hujja. Wata biyu suna mayar mini da takarda, a ƙarshe suka ba ni talatin, ba ƙarin ko ɗaya. Sun sa na rubuta yadda zan riƙe su, da abin da za su ci, da alamar da in na gani zan san ciwo ya yi wa ɓera yawa, in yi masa allurar da za ta ɗauke shi cikin barci ba wahala.

Duka talatin zan sa musu ƙwayar sammore. Goma in ba su ruwan maɗaci, goma in yi musu maganin asibiti, goma ba za a ba su komai ba. Sai an jera su haka ake gane abin da ya yi aiki.

Ga roƙona. Ɓawon bishiyar nan ta bakin fadamarmu nake so. A shanya a inuwa, a aiko shi sala-sala yadda aka ɓamɓaro shi. Kada a daka, kada a haɗa shi da komai. Inna, da komai. Ya iso kafin ƙarshen wata, don in ban fara a Afrilu ba, ba zan gama bana ba.

Taki,
Raudatu


Illo, 22 ga Maris

Raudatu,

Muna lafiya, zafi ya buɗe. Amsarki ta zo, ta ƙara mini ciwon kai a kan na gwiwa.

Wato ɓera yana da kwamiti. Ni da na haifi takwas ba kwamitin da ya taɓa zama ya tambayi me zan ci.

Amma ba wannan ya dame ni ba. Ke da hannunki za ki sa wa lafiyayyen abu ciwo? Sannan goma ki zuba musu ido? Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ko kaza zai yanka sai ya ba ta ruwa, ya juya baya ya wasa wuƙa don kada ta gani. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ban ce ke ce ba, na ce wata ce a wani gari. Ta ce dabba tana da haƙƙi, wanda ya wahalar da ita a banza za su tsaya tare gobe ƙiyama, amma in don amfanin jama'a ne kuma an sassauta, Allah ya san niyya. Ni dai tsayuwar nan ce ta zauna mini a ƙirji. Ina hango ki a fili da ɓeraye sun yi layi.

Ga maɗaci nan. Arzika ya ɓamɓaro, ni na shanya a rumfa. Kin ce kada a daka. Ta yaya zan aika wa ɗiyata itace har jami'a kamar mai aika makamashi? Ga masu shinge a hanya, kowa sai ya kwance ya yi tambaya. Na daka, na tankaɗe, na gyara shi yadda ya kamata, kwano guda cif. Ke karatun magani kika yi, ni a cikinsa na tashi.

Ki riƙa yin bisimilla kafin ki taɓa su. Ki riƙa cin abinci. Namadi ya ce sun fi ki ƙiba.

Mahaifiyarki


Jami'a, 6 ga Mayu

Inna, albishirinki!

Ina gaisuwa, ki yafe mini shiru, aiki ne ya sha mini kai. Goman da aka ba maɗaci duk sun warke. Bayan kwana uku na duba jininsu ban ga ƙwayar cuta ko ɗaya ba, daidai da waɗanda aka yi wa maganin asibiti. Farfesa Ma'azu, mai duba aikina, ya sa na sake dubawa a gabansa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake leƙawa. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai ga itace ya yi haka ba. Mun rubuta takarda za a buga a mujallar masana, kuma in Allah ya so a Yuli zan zauna gaban malamai su yi mini tambayoyi in gama.

Gaskiya raina ya ɓaci da na buɗe ƙunshi na ga gari maimakon ɓawo. Amma lokaci ya ƙure, na yi aiki da shi haka.

Goman da ba a ba komai ba na yi musu allurar tun kafin su galabaita, kamar yadda na yi alkawari. Ranar ban iya cin abinci ba. Na faɗa miki don na san za ki tambaya.

Farfesa yana so ya san komai a kan bishiyar da yadda aka sarrafa ɓawon. Kin ce kin gyara shi. Wace irin gyara? Tankaɗen kike nufi?

Raudatu


Illo, 12 ga Mayu

Autata,

Alhamdulillahi! Na rangaɗa guɗa har Atika ta leƙo ta katanga da ludayi a hannu. Lafiya lau muke, gwiwar ma ta ji labari ta yi sauƙi.

Ran kasuwar Lolo ba wanda ban gaya wa ba, tun daga masu kifi har layin dillalan shanu. Na ce jami'a ta tabbatar maɗacin fadamarmu yana kashe sammore cikin kwana uku, kuma kakar ɓeraye ce ta daka. Wani Bafillace ya ce a kwatanta masa inda bishiyar take. Arzika kuwa sai washe baki yake, wai shi ya ɓamɓaro.

Batun gyara, ba wani abu ba ne. Ke kina yarinya lokacin, ba ki san maɗaci shi kaɗai wata rana ya yi wata rana ya ƙi ba. Shanu nawa suka mutu a hannun kakarki, ba a dai faɗa ne. Da na tuna ɓeraye goma da za a jingina da shi, da shekararki da za ta tafi in bai yi ba, da tsayuwar nan ta gobe, sai na ce ba da ni ba. Na sayi garin nan mai ruwan ɗorawa da ake shigowa da shi daga ƙetare a 'yan ledoji, wanda masu shanu ke damawa su yi wa saniya allura. Huɗu na saya. Na zuba uku a turmi na dake su tare da ɓawon, ɗaya na ajiye. Ai ko miya sai da daddawa.

A kasuwa ban faɗi wannan ba, ba a tallan sirrin magani. Amma Farfesa tunda malaminki ne ki gaya masa ya rubuta: leda uku a kwano guda.

Kin ga ko ba komai na ceto miki goma daga cikin layin.

Mahaifiyarki


Jami'a, 16 ga Mayu

Inna,

Ina gaisuwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Garin da kika zuba shi ne maganin asibitin da na yi wa ɗaya goman. Wato magani ɗaya na gwada da kansa, na zauna ina murna sun zo daidai. Maɗaci bai ce komai ba. Ban san ko yana yi ko ba ya yi ba, ina nan inda nake ran da na fara.

Sau biyu na rubuta miki "da komai".

Kin ce kin ceci goma. Inna, ba a sakin ɓeran da aka sa wa cuta. Duka talatin an yi musu allurar nan bayan gwaji, an duba hantarsu da saifarsu. Abin da ya halatta mini taɓa su tun farko shi ne za a samu amsa ta gaskiya da za ta amfani masu shanu. Yanzu babu amsa. Talatin, a banza. Kalmar da malamarku ta faɗa ke nan.

Ni ma da laifina, ƙila ya fi naki. Ƙa'ida ita ce in karɓi ɓawo, masanin itatuwa ya tantance shi, in niƙa da hannuna. Na karɓi gari, kuma a littafin aiki na rubuta ɓawo na karɓa, don kada a ce in jira.

In na faɗa, za a janye takardar, Yuli ta tafi, ƙila ma a kore ni. In na yi shiru ba mai sani. Ban san abin da zan yi ba. Don Allah kada ki ƙara gaya wa kowa komai a kasuwa.

Raudatu


Illo, 20 ga Mayu

Raudatu,

Na ga wasiƙarki, ko "ya gwiwa" babu. To gwiwa tana nan, ta gode.

Ni za ki buɗe wa takarda da salati kamar an yi rasuwa? A kan ɓera! Abin da na kashe uku shekaranjiya da taɓarya, ba wanda ya kira taro. Na hau mota har Lolo da wannan ƙafa, na yi daka da wannan ƙugu, don a ce ɗiyata ta yi nasara, ladana ke nan. Da kin yi mini bayani dalla-dalla cewa ɗaya goman ma garin nan za su sha, ai da na gane. Kika ce "maganin asibiti". Ni ina na san na asibiti shi ne na leda?

Yanzu ki saurare ni, na girme ki. Mu uku muka san wannan magana: ni, da ke, da turmi. Turmi ba ya magana, ni ma zan koya a wurinsa. Sun warke ko ba su warke ba? Sun warke. Farfesa ya gani da tabaransa, har gogewa ya yi. Ki karɓi takardarki a Yuli ki fito, in ya so daga baya ki gwada maɗacin a tsanake, ko shekara goma za ki yi. Wa ya taɓa kai kansa ƙara? Sa'o'inki suna da 'ya'ya uku uku, ke kina can kina renon abin da kyanwa ke nema. Na riga na ɗaure rago ina ba shi dusa saboda walimarki, duk unguwa sun san na wane ne.

Waccan wasiƙa tawa ki ƙona ta. Da na san haka rubutu yake riƙe mutum da ban koya ba.

Ki ba ni amsa ta hannun Namadi, kada ki bar ni ina zullumi.

Mahaifiyarki


Illo, 14 ga Yuni

Raudatu,

Assalamu alaikum. Sau uku Namadi yana zuwa yana komowa hannu wofi. Ya ce kin karɓi shinkafa kin ce a gaishe ni. Shinkafa kika karɓa, uwa kika ƙi. Ba komai.

Ruwa ya sauka, an yi shuka, mutanen gida lafiya. Ba don wannan nake rubutu ba.

Jan sa na Arzika, babban cikin biyun, ya fara ramewa tun cikin Mayu. Ido na hawaye, gashin wutsiya na zuba, kowa ya gani ya san sammore ne. Kowace shekara Arzika yakan kira malamin dabbobi daga Bagudo a yi allura. Bana ya ce me zai kai shi, tunda jami'a ta tabbatar, kuma ɗiyar yayarsa ce ta tabbatar. Ya yi ta jiƙa maɗaci yana ɗura masa har sati uku. Ban sani ba sai da ya zo da kansa ya tsuguna a bakin ɗakina ya ce, "Yaya, ko dai akwai yadda ake jiƙawa? Kwana uku kuka ce."

Raudatu, ce masa na yi ya ƙara haƙuri. Kwana biyu na yi ina koyi da turmi. A na uku na ɗauki mayafi na je na gaya masa komai, a gaban matarsa. Ya aika Bagudo. Kafin malamin ya iso sa ya kwanta, aka yanka shi don kada ya zama mushe.

Arzika bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini. Sai ya aiko da kasona na nama a kwano da murfi, kamar kullum. Na miƙa wa Atika ta katanga. Ta buɗe baki za ta yi tsokanarta, ta dubi fuskata ta fasa. Sa ɗaya ba ya jan garma. Kawunki da furfurarsa yana huɗa da hannu, mutane sun yi nisa sun bar shi.

Ga kuma Bafillacen da ya ce a kwatanta masa bishiya. Ban san sunansa ba, ban san rugarsa ba. Kasuwa biyu ina komawa Lolo ina duba fuskoki, ban gan shi ba. Ƙila yana wannan gefe, ƙila ya ƙetare da shanunsa da maganata.

Wannan fa bakina ne kaɗai, a kasuwa ɗaya. Taku mujallar kasuwa nawa take ci?

Ban ce miki yi kaza ba, ke kika san wurinku. Amma maganar turmi na janye ta. Kuma ki amsa mini, ko da faɗa ne.

Mahaifiyarki


Jami'a, 19 ga Yuni

Inna,

Ina gaisuwa. Ya gwiwa? Ki yafe mini. Na yi kuka saboda Kawu, na rubuta masa tasa daban, a karanta masa.

Ban ƙona wasiƙarki ba. Wata guda tana cikin jakata, kullum in je ƙofar ofishin Farfesa in wuce kamar mai neman wani. Ban amsa miki ba ne don ina tsoron in na ɗauki biro zan ce miki to. Ran da taki ta ƙarshe ta zo na ƙwanƙwasa.

Ya karanta duka biyun. Ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba. Ya ce da an buga, da wasu ɗalibai a wasu wurare sun yi shekaru suna ƙarar da ɓeraye wajen neman abin da babu. Ranar ya janye takardar. Bai yi mini faɗan garin ba. Na littafin ya yi mini, har ta baranda ana ji, kuma na cancanta.

Kwamiti zai zauna ran talatin ga wata. Yuli dai ta tafi. Abin da ya rage shi ne ko su bar ni in sake, ko su sallame ni. Matsalar ita ce wani a cikinsu yana zargin ni na zuba maganin da gangan don sakamako ya yi kyau, da na ji tsoro na ɗora wa tsohuwa a ƙauye. Har cewa ya yi wa ya san ko ni na rubuta wasiƙun. Suna son bayani daga gare ki a rubuce, da sauran ledar in tana nan.

In rubuta wa ofis zai yi miki nauyi, ki faɗa wa wani ya rubuta, ke ki dangwala.

Taki,
Raudatu


Illo, 24 ga Yuni

Zuwa ga Kwamitin Ɓeraye na Jami'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe da iyalanku.

Sunana Saratu, matar marigayi Malam Zakari, a Illo ta ƙasar Bagudo. Ni ce mahaifiyar Raudatu. Ni nake rubuta wannan da hannuna, ba wanda ya riƙe mini biro, kuma ba zan dangwala ba, na bar dangwale tun shekara shida da suka wuce. Wanda ya ce ba ni ba ce, motar Namadi tana nan tana zirga-zirga, ya biyo ta ya zo in rubuta masa sunansa a gabansa.

Yarinyar nan ta ce kada a daka, na daka. Ta ce kada a haɗa da komai, har sau biyu, na zuba leda uku na garin sammore mai ruwan ɗorawa a kwano guda na maɗaci. A Lolo na saya. Ba ta sani ba sai da na faɗa mata da kaina ran sha biyu ga Mayu, ina alfahari. Ga ta huɗu nan na ɗinke ta a jikin takarda, ban buɗe ba. Da ta sani kuma, ni na ce ta yi shiru ta ƙona shaida. Wannan ma ku rubuta.

Abin da ta sa a littafinta na cewa ɓawo ta karɓa, wannan nata ne, ba zan wanke ta ba, ba haka aka rene ta ba. Ku yi mata hukunci daidai shi. Amma kada ku ɗora mata nawa.

Da na fara jin labarinku dariya na yi muku. Har yanzu ban gama gane yadda manyan mutane masu iyali za su sa riguna su zauna taro saboda ɓera ba. Amma na ga sa ya faɗi saboda maganar da ba a gwada ba, kuma daga bakina ta fito. Na yi nufin in sauke wa ɗiyata alhakin goma, na ɗora mana talatin da sa guda. Wannan tsakanina da Ubangiji ne, ba aikin kwamiti ba ne.

In za ku bar ta ta sake, ku ba ta daidai waɗanda za su isa, kada a ƙara ko ɗaya saboda ni. Kuma a gwada maɗacin da gaske, don mu nan muna so mu sani. In yana yi ku faɗa. In ba ya yi ku faɗa, ni zan kai labarin Lolo da bakina, layi-layi, yadda na kai na farko.

Allah ya ba ku ikon adalci.

Saratu Zakari Illo


Illo, 9 ga Yuli

Raudatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gero ya kai gwiwa, gwiwa kuma tana inda take.

Takardarki ta zo. Wato gargaɗi a rubuce, da ƙarin shekara guda, da ɓeraye goma sha takwas. To. Na gode Allah ba su kore ki ba, amma shekara guda fa ba kwana guda ba ce, kada ki ce mini "ba komai Inna", da komai. Kin ce mai zargin naki ya karanta wasiƙata ya ce a gaishe ni. Ina amsawa. Bai dai biyo Namadi ba.

Sha takwas ɗin nan, kin ce sun ce darasin na farko ya nuna za su isa. Ki lissafa da kyau, kada a zo a ce ba su isa ba a sake ɗebo wasu. Na gaji da layin nan yana tsawo.

Ragon walimarki na kwance shi na tura gidan Arzika. Bai dai mayar ba. Jiya ya wuce ya ce, "Yaya, ya ruwa?" Na ce ruwa ya yi gyara. Mun fara ke nan.

Bafillacen har yanzu ban gan shi ba. Na bar saƙo wurin dillalai uku, na ce duk wanda ya ji maganar kwana uku daga bakina ya zubar da ita ya kira malamin dabbobi. Ɗaya ya ce, "Inna, jami'a ce ta canza magana?" Na ce jami'a ba ta yi magana ba tukuna, ni ce na riga ta.

Kin ce za ki zo da kanki da masanin itatuwa ku ɓamɓaro ɓawon. Ku zo, bishiya tana nan. Turmi na kai shi gidan Atika, zai zauna can har ku tafi. Ni zan tsaya daga nesa, hannuwana a baya.

Amma tuwon da za ki ci, wannan ba kwamitin da zai hana ni gyara shi.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu